Ƙofar Ƙarfe Mai Ƙarar Agogo

Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya aiki, yaya 'Yar Baba? Tarin nata ya sake ta? Ka gaishe da su Inna.

Na san za ka ce me ya kawo wasiƙa alhali ga waya. Ai ka san halinmu. Da na fara magana sai kuka, kai kuma sai ka miƙa wa yarinya wayar ka gudu. Shi ya sa na rubuta na ba direban motar kasuwa.

An gama hoton zuciyar. Likita ya zana mini ita a takarda, ɗakuna huɗu, kowane da ƙofarsa da ke buɗewa jini ya wuce, ta rufe kada ya dawo. Tawa ta ɓangaren hagu, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, ita ce ta ƙage. Jini ba ya samun hanya, sai ya taru ya koma wa huhu. Ka ji dalilin hakin da nake yi in na ɗebo ruwa, da matasan kai uku da kake tsokanata a kansu. Wai ciwon maƙogwaro da na sha fama da shi ina ƙarama, ba a kula ba, shi ya ci ƙofar a hankali. Na ce masa mijina kafinta ne, da ƙofar katako ce da tuni ya goge ta. Ya yi dariya ya ce wannan sai dai canji.

Ga inda maganar take. Ƙofar iri biyu ce. Akwai ta ƙarfe, ba ta lalacewa, amma zan sha maganin tsinka jini har ƙarshen raina, kuma ɗaukar ciki a kansa haɗari ne babba, gare ni da abin da ke cikin. Akwai kuma wadda ake yi da tantanin saniya. Da ita zan iya haihuwa, sai dai tana tsufa, bayan shekara goma ko fiye kaɗan a sake buɗe ƙirjina.

Ka san ni. Ko ƙannenka da suke kiran yarinyar nan Auta don su ja ni, ka ga yadda nake tashi musu. Ina son in yi mata ƙane. Ta saniyar nake so.

Taka har kullum,
Maman 'Yar Baba

*

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙon zanen da ka aiko, amma ba shi na ce ba, wannan na zuwa biki ne. Ba komai, majinyatan ɗakinmu sun sha kallo.

Amsarka ta iso, layi uku. Ka ce jikina ne, abin da na zaɓa ka bi. Wallahi na ji haushinka, na so ka yi mini gardama in samu wanda zan yi faɗa da shi. Sai da Yayata ta gaya mini ka kira ta kana tambayar ko buɗewa ta biyu ta fi ta farko haɗari. Ita ka iya tambaya, ni ka aiko mini layi uku.

Matar da ke gadon kusa da ni malamar makaranta ce, mai barkwanci. Ta saniya aka sa mata da daɗewa, ta haifi 'yarta a kai, yanzu ta dawo canji. Shekaranjiya aka shiga da ita. 'Yar tata ta zo daga makaranta da kayan makarantar a jikinta, ta zauna a benci bakin ƙofar tiyata, ta rungume takalman uwarta. An yi an yi ta ci abinci, ta ƙi. Aikin ya daɗe fiye da yadda aka ce. Uwar ta fito da rai, alhamdu lillahi, kuma ta ce mini ba ta taɓa nadama ba, na kuma yarda da ita, don ita lokacin ba ta da ɗa ko ɗaya.

Ni ina da 'Yar Baba. Na lissafa, in na zaɓi ta saniya, kusan shekarun 'yar malamar nan za ta kai ranar da za a sake shiga da ni. Fuskar 'Yar Baba na dinga gani a bencin nan. Na yi ta kwaɗayin yaron da ban gani ba, ga wadda Allah ya riga ya ba ni tana jiran in dawo in yi mata kitso.

Na gaya wa likita ta ƙarfe. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye maka ba. Ka yi mini addu'a, jibi ne aikin.

Matarka

*

Maigidana,

Ina gaisuwa, da hannuna nake rubutawa, ka yi haƙuri da karkacewar layin. Na ga idonka ranar da na farfaɗo, kafin su kore ka. Ka ce ƙura ce ta shiga. A ɗakin da ko takalmi ba a shiga da shi!

Sauƙi yana samuwa. Jiya na taka har ƙarshen baranda na dawo ban tsaya ba, na kuma kwanta da matashi ɗaya. Ɗinkin yana ja in na yi tari. Za a dinga auna jinina a kai a kai saboda maganin, kuma an hana ni shan kowane magani ban tambaya ba, ka gaya wa Inna tun yanzu kafin ta fara haɗo mini jiƙe-jiƙe.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Ƙofar tana ƙara. In ɗaki ya yi shiru sai ka ji ta, ƙyas, ƙyas, kamar agogon hannu. Da farko ta hana ni sakat, yanzu in na ji ta sai hankalina ya kwanta. Kai nake tunani, mutumin da ya cire wa agogon bangonmu batir tun makon aurenmu wai yana hana shi barci. To ga agogo nan tafe gidanka, mu ga inda za ka cire masa batir.

Gadon jaririn da ka ƙera, wanda na hana kowa aro, ka sauko da shi daga saman kabad ka goge. Matar ƙaninka ta kusa haihuwa, ka kai mata kafin in dawo. Ba na son in tarar da shi, kuma ba na son ya lalace a ajiye.

Ka sumbaci yarinyar nan, ka ce mata in na zo za ta sa kunne a ƙirjina ta ji. Ƙannenka kuma su kira ta da sunan da suke so, na daina faɗa.

Taka,
Maman Auta