Na Raba Goron Gayyata, Kun Haska Mai Rufaffiyar Fuska

Zuwa ga Manajan gidan kallo na Akwatia Line, Kumasi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Tafo, kuma kai ƙara a bainar jama'a ba ɗabi'ata ba ce. Sau biyu na zo ofishinka aka ce ba ka nan. Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai karanta.

Na ɗaya. Shekara uku na yi ina ɗaukar hirar tsofaffin matan Zango da suka yi fataucin goro tun kafin a haife mu. Su bakwai suka zauna gaban kyamara, suka nuna yadda ake ɗaure huhu, da yadda ake gane goro mai sankara ba tare da an fasa shi ba. Fim ɗin minti arba'in ne. Kai da bakinka ka ba ni Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, bayan la'asar, don a haska shi.

Na biyu. Ka san yadda ake gayyatar manya a Zango. Gida-gida na bi da ƙwaryar goro, na durƙusa, kowacce ta karɓa ta sa albarka. Wadda ta karɓi goro ta ɗauki alkawari, wanda ya raba kuwa nasa ya fi nauyi. Ana gobe taron ka soke, domin kashi na huɗu na wani fim ɗin jarumai ya iso, ka sanar a shafinku na intanet kawai. Waɗannan mata ba su da shafi, ni ma ban gani ba. Suka zo cikin atamfa iri ɗaya da suka ɗinka don ranar, wasu a motar haya ta trotro tun daga Tafo. Babbarsu, Mma Lariba, riƙo ta aka yi saboda ciwon ƙafa. Suka tarar da hoton wani ƙato mai rufaffiyar fuska a ƙofa, ko benci ba a ba su ba. Ba su zarge ni ba. Su ne ma suka ba ni haƙuri, kuma wannan ne na kasa haɗiyewa.

Na uku. Ni ba maƙiyin fim ba ne. Ina jami'a na sha bin layi don irin waɗannan, kuma kashi uku na farko a kujerunku na kalle su. Amma na gaji. Mai matsattsiyar riga ya tashi sama, a rushe birni, ƙara ta toshe kunne, a fito ba a riƙe magana ɗaya da za a kai gida ba. Ranar da aka mayar da iyayenmu na leƙa ciki: kujeru da yawa babu kowa, waɗanda ke zaune suna latsa waya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mutuwa ta zama wasa a cikinsu. Jarumi ya mutu bana, baɗi ya dawo da sabuwar riga.

Na huɗu. Na kai wa Mma Lariba fim ɗin a kwamfuta. Ta ƙi kallo, ta ce an gayyace su tare, tare za su gani a babban allo. Kwana goma sha ɗaya bayan haka ta rasu. Saura shida.

Ba na roƙon wata rana a wurinka. Buƙatuna biyu ne: ka je da ƙafarka ka ba matan nan haƙuri, sannan ka ware yamma ɗaya a wata domin aikin 'yan Zango, wadda babu baƙon fim da zai ture ta.

Ko ka yi ko ba ka yi ba, Asabar da ke bayan sadakar arba'in zan rataya farin zane a zauren gidan marigayiyar, da majigin da na aro. Na sake bi gida-gida. Na bar maka goro biyu a wurin maigadinka. Idan ka karɓa, ka san abin da ka ɗauka.

Allah Ya jiƙan Mma Lariba. Allah Ya albarkaci sana'arka, Ya ba ka tsufa a hannun masu cika alkawari.

Wassalam.

Malam Isaka,
Akwatia Line, Kumasi.