Kamun Farina Yana Cikin Bokiti

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, a cikin sunan Ubangiji. A makaranta an koya mana cewa bayan gaisuwa sai tambayar lafiya, amma inda kike babu ciwo, don haka zan tsallake wannan layin. Ni ce Rahila. Yanzu ina aji biyar na sakandare, kuma waɗanda suka san ki suna cewa na kusa kamo ki a tsawo.

Dalilin rubuto miki shi ne, Mama, na kama kifi. Ni da kaina, da ƙugiya. Tarwaɗa ce, tsawonta daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Yau kwananta huɗu a bokiti a bayan kicin, da ranta, na rasa yadda zan yi da ita.

Bari in ɗauko miki daga farko. Wasu mata a nan Kafanchan sun haɗu suna koya wa 'yan'uwansu mata zaman daji: kafa tanti, hura wuta bayan an yi ruwa, ɗana tarko, gane sawun dabba, da kamun kifi. Ƙanwarki, Anti Saratu, ita ta rubuta sunana ba ta ko tambaye ni ba. Cewa ta yi, "Kullum kina ɗaki kamar kaza mai kwanci. Fita iska ta buge ki." Asabar uku muna koyo a filin wata makaranta, a ta huɗu aka kwashe mu a mota zuwa wani kogi bayan Fadan Kagoma.

Da kin sha dariya. Akwai wata Hajiya mai sayar da citta da ta ce kajin da ta fige ba su ƙirguwa, amma ba za ta taɓa tanar da ake sa wa ƙugiya ba ko da kujerar Makka za a ba ta. Mai koya mana, Malama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare ce. Ta dube ni ina raɓe a bayan mutane ta ce, "Fatsa ba ta son mai surutu. Rahila, yau ranarki ce." Ban taɓa jin shiruna ya yi wa wani amfani ba sai ranar.

Na daɗe a zaune a kan dutse, gorar fatsa a hannuna. Da zaren ya ja, sai da na kusa binsa cikin ruwa. Mata suka yi ta guɗa. Ni kuma da na ga kifin yana birgima a kan yashi, sai na waiwaya ina neman fuskarki a cikinsu.

Kin tuna ranar da ɗan maƙwabciyarmu ya kawo wa mamarsa kamunsa na fari? Ya durƙusa a tsakar gida ya ce, "Mama, ga kamuna," kamar yadda ake yi a wajenmu, tunda mai kamu ba ya cin na fari, na uwa ne. Kina tsaye kina shanya, kika yi dariya kika ce, "Mu da muka haifi mata, sai dai mu ci na kasuwa." Ina riƙe da bakin zanenki. Na ji kamar laifina ne.

To ga shi na kamo, Mama, ke kuma ba kya nan.

Shekara shida ke nan Anti Saratu tana riƙe da ni. Ta baro ɗinkinta a Kwoi ta dawo saboda ni, tun da Baba yana can Mararaban Rido wajen aiki. Ita ke yi mini kitso, ita ke zama a kaina in zazzaɓi ya kama ni. Duk da haka ban taɓa kiran ta da wani suna ba sai Anti. Wata rana malamin ajinmu ya tambaye ni a gabanta ko mamata ce, na yi sauri na ce a'a, antina ce. Ta yi murmushi, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta wanda bai kwance ba.

Ta san al'adar sarai, amma ba ta tambaye ni komai ba. Abin da kawai ta ce shi ne, "Wannan baƙuwar taki, makaranta za mu sa ta?" Jiya da na dawo na tarar an canja ruwan bokitin, an ɗora faranti da dutse a kai saboda kyanwa.

Yau tarwaɗar ta daina motsa gashin bakinta sosai. Malama Rifkatu ta gaya mana tana da taurin rai, amma bokiti ba kogi ba ne. In na ƙara kwana biyu, babu wanda zai ci, daga ke har Anti.

Mama, ba kifin ne ke mini nauyi ba, kalmar farko ce, "Mama" ɗin. Tun ranar da aka rufe ki ban sake faɗa wa mai rai ita ba. Ina tsoron in na ba wata, zai zama kamar na kwashe kayanki daga ɗaki. Shi ya sa na zo wurinki tukuna. Kamun naki ne. Ke na fara gaya wa. Ina roƙon ki bar ni in miƙa wa ƙanwarki gobe da safe kafin in tafi makaranta, in durƙusa, in faɗi maganar duka yadda ake faɗa, ba tare da na cire komai ba.

Ubangiji ya ci gaba da hutar da ke a wurinsa. Ya sāka wa Anti Saratu abin da ni ba zan iya sāka mata ba. Ni kuma ya buɗe mini baki gobe, ko da muryar za ta yi rawa. Amin.

Taki har kullum,
'yarki Rahila