Sun jefar wa Hafsa da sandarta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Yaya Legas, yaya aiki? Ina fatan Anti Rabi da yara suna lafiya, kuma ƙafar taka ba ta matsa maka. Mu nan Maitumbi alhamdu lillahi, sai dai hankalina a tashe yake.

Ka tuna yadda muke cika falon maƙwabta muna kallon wasan kwaikwayo a talabijin? Ina kewar zaman nan, amma ban manta yadda washegari yara ke bin ka a makaranta suna kwaikwayon ɗingishin ɗan wasan ba. To Yaya, abin ya zo kan 'yarka Hafsa da tata ƙafar.

Ranar Talata da aka tashi daga makaranta, 'yan ajinsu suka fizge sandarta suka jefa a kwata, wani yana ɗaukar ta a waya. Da rarrafe ta fito bakin titi, saura kaɗan keke napep ya take ta. Mai keken ya kawo min ita, ya ce, "Hajiya, wallahi Allah ne ya tsare."

Jiya ta tambaye ni, "Umma, in na koma kashe ni za su yi?" Babanta ya ga shugaban makarantar, amma ni ko ƙofar gida ta leƙa sai gabana ya faɗi.

Don Allah ka kira ta, kai kaɗai ka san abin da take ji. Ku sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Maryam