Gawayin da Ba a Ƙonawa

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya ce akwai gubar dalma a jinin jikata. Shekararta huɗu. Daga rijiyarmu ne wai, saboda masu fasa tsofaffin batura a bayan katanga. Na kasa cin abinci.

Asabar, 8 ga Maris
Matar ɗana ta kwaso totuwar masara buhu uku ta ƙona a cikin duro mai murfi. Ta daka gawayin, ta jera shi da yashi da tsakuwa a wani duron, ruwa ya bi ta ciki ya fito ta famfo. Wai gawayin cike yake da ƙananan ramuka da ke kama gubar. Na ce duk karatun nan nata a sana'ar gawayi ya ƙare? Dariya kawai ta yi. Matar nan ba ta san fushi ba, abin har haushi yake ba ni.

Laraba, 19 ga Maris
Ta kai ruwan wurin aikinsu, ofishin kula da tsaftar ruwa, an auna, gubar ta ragu sosai. Kafin ta tafi ofis sai ta zagaya gidajen maƙwabta tana koya musu, hannu baƙi ƙirin. Gaskiya ɗana ya yi dace. Ba dai zan faɗa mata ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Ta kama ni. Duk mako biyu takan canza gawayin, ta ɗaure tsohon a buhu, wai mutanen ofis za su ɗauke. Ni kuwa ban iya ganin asara ba. Gawayi lafiyayye! Na ɗiba daga buhun na shanya na zuba a murhu, jikata na zaune kusa da ni tana fifita.
Ta shigo, ta sunkuci yarinyar ta yi waje da ita, ta dawo ta kashe wutar da ruwa. Ba ta ɗaga murya ba. "Mama, gubar da muka cire tana cikinsa. In an ƙona sai ta koma hayaƙi da toka." Ta tambaya ko wannan ne karon farko. Na ce e.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Karo na uku ne.

Lahadi, 27 ga Afrilu
Ko ɗana ba ta gaya wa ba. Ta ma damƙa mini aikin canza gawayin, wai na fi kowa kiyaye lokaci. Kunya ta ishe ni.

Talata, 3 ga Yuni
An sake gwada jinin jikata. Gubar ta sauka, amma ba kamar yadda likita ya so ba, yana ta tambayar ko akwai wata hanyar da take shiga. A cikin mota na kasa riƙewa, na ce wa matar ɗana sau uku na ƙona, duka yarinyar na gefena.
Ta ce ta sani, ai tana auna buhun kafin a ɗauke, ta ga yana raguwa.
Na ce to me ya hana ta tona ni?
"Na ga kin daina, Mama."
Shekarata sittin da biyu, ban tuna ranar da na ba na ƙasa da ni haƙuri ba. Na ba ta, a gaban direba ma. Bayan wata uku za mu koma gwaji. Na ce ni zan riƙe yarinyar in za a ɗebi jinin.