Rediyon matan Awe sun ci rani guda, a buɗe mini shagona

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta masu gyaran rediyo a Lafia.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da sauran dattawan ƙungiya. A bainar jama'a aka yanke mini hukunci, shi ya sa na zaɓi jarida don in ba da amsa.

Na ɗaya, ga abin da na yi. Matan da ke dafa gishiri a Awe ba sa rabuwa da rediyo a bakin aiki, kuma da hannu jiƙe da ruwan gishiri suke murɗa murya. A cikin abin murɗawar nan akwai zoben gawayi da ɗan harshen ƙarfe mai goga shi. Gishiri na shiga sai tsatsa ta biyo, murya ta dinga katsewa. Mu wanke da fetur, su dawo bayan 'yan makonni. Na karanta labarin wata 'yar ƙwayar lantarki da ake kira ayisi, mai yin wannan aiki ba tare da wani abu ya gogi wani ba, na sa aka sayo mini daga Legas. Maɓalli biyu ke juya ta, na ƙari da na ragi, kuma ko an cire batir tana riƙe da inda aka bar murya. Na cire abin murɗawar na sa ta a madadinsa, na rufe maɓallan da robar tayar keke don kada gishiri ya shiga.

Na biyu, ga abin da aka yi mini. A taron ƙungiya aka ce ina kwashe kayan asali ina lalata rediyon mutane. Ba a kira ko mace ɗaya daga masu rediyon an tambaye ta ba. Aka sa wa shagona kwaɗo. Ɗiyata ta dawo daga makaranta tana tambayata ko gaskiya ne sata na yi. Kai da bakinka ka ce a jira rani ya wuce, in rediyon sun kai damina a sake zama.

Na uku, damina ta sauka. Inna Asabe, wadda ta fara amincewa na taɓa nata, ta hau mota daga Awe da rediyonta da na ƙawayenta a buhu, ta zazzage su a gabanku. Kowanne ya yi magana tas. Da mataimakinka ya ce zai mayar mata da abin murɗawa irin na da kyauta, kowa ya ji amsarta: "Ɗana, wanda ya taɓa mini shi, ni da shi ne." Tun ranar ba a sake zama ba, amma 'yan ƙungiya suna zuwa gidana a Akurba ɗaya bayan ɗaya, suna neman in nuna musu yadda ake haɗa wayoyin. Ban kori kowa ba.

Buƙatata ita ce a wanke sunana a zauren da aka ɓata shi, a cire kwaɗon, a kuma ba ni rana in koya wa duk mai so a fili. Ranar Litinin zan tsaya a ƙofar shagon da kayan aikina. Idan ruwan sama ya cinye kwaɗon har makulli ya ƙi shiga, a aiko mini, ina da zarto.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama shugabanci da mutunci.

Wassalam.

Ɗanladi Musa,
Akurba, Lafia.