A Maido Mana da Muryar Inna Tabawa da Taɓaryarta

Zuwa ga Shugaban Sashen Koyar da Fasahar Sauti da Haɗa Kiɗa, na jami'ar da ɗalibanta biyu suka zo gidanmu a Kankara bara da kaka.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida malaman da ke ƙarƙashinka, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Nafisa. Bara na gama firamare, yanzu ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba. Ko a aji ba na ɗaga hannu. Idan na yi kuskuren rubutu a yi mini afuwa, amma maganar da ke ciki babu kuskure.

Zan fara da abin da ban gaya wa kowa ba, har Mama. Ni ce na sa kakata, Inna Tabawa, ta yi wa ɗalibanka waƙa. Har yau a gidanmu ana cewa baƙin ne suka ruɗe ta. Ba haka aka yi ba. Sau biyu tana ƙi. Ta ce waƙarta ta bakin turmi ce, ba ta san hanyar shiga ƙarfe ba. Ni na bi ta ɗaki ina roƙo, don kawai ina son in ga yadda na'urar take aiki, in sa abin nan na kunne. Ta harare ni ta ce, to ƙawata, tunda kin nace, idan suka gudu da muryata ke za ki bi su ki karɓo. Da wasa ta faɗa. Yau ga ni na biyo.

Ɗaliban su biyu ne, mace da namiji. Ba zan faɗi sunayensu ba, ka san su. Sun ce aikin kammala karatu suke yi a kan waƙoƙin daka na mata, kuma za su adana su don kada su ɓace. Mun ba su tabarma, mun ba su fura. Ga abin da suka yi mana.

Na ɗaya. Sun fara zaunar da Inna a ɗaki suka rufe ƙofa, wai kaji da turmi suna ɓata sauti. Inna ta buɗe baki, waƙa ta ƙi zuwa. Ta ce da su, ku yaran boko, an taɓa waƙar daka hannu sake? Dole aka fito tsakar gida aka zuba gero. Mama da Gwaggo Asabe maƙwabciyarmu suka kama lugude da ita, taɓarya uku a turmi ɗaya, kowacce tana cilla tata sama ta tafa kafin ta cafe. Sannan waƙar ta zo. Ɗalibanka suna tsaye, sun gani da idonsu cewa taɓaryar ce take jan muryar. Ni ma na ji, don ɗalibar macen, da nake kira Anti, ta sa mini abin kunnen. Na ji har numfashin Inna tsakanin bugu da bugu. Ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba. To da suka koma makarantarku sai suka cire taɓaryar gaba ɗaya, suka sa gangar inji a madadinta. Da na tambaya daga baya, aka ce mini wai hayaniya ce aka share. Ranka ya daɗe, a wane aji ake koya cewa taɓarya hayaniya ce a waƙar daka?

Na biyu. Sun taɓa muryar. Inna ta haura shekara saba'in, muryarta tana da kaushi, tana rawa idan ta ja. Suka gyara ta, suka ƙara mata sauri, ta koma siririya kamar ta budurwa mai mura. Wa ya ce musu tsufa ciwo ne da za a yi wa magani?

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Ba su tambayi abin da waƙar take cewa ba. Mu ba 'yan Kankara ba ne tun asali. Daga wani ƙauye muke a bayan Pauwa, mun taso shekara uku da suka wuce saboda abin da kowa ya sani. A cikin waƙar Inna tana lissafa abin da ta baro: rijiyar bakin tsamiya, rumbunta biyu, da matan da suka yi daka tare tun suna amare. Tana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan Ladi, aminiyarta, wadda ba ta iso Kankara da rai ba. A wurin nan kullum taɓarya takan yi sanyi, Mama ta sunkuyar da kai. Daidai wurin ne ɗalibanka suka yanko, suka yi ta maimaita shi, don ya fi daɗin rawa.

Ba su aiko mana ba, ko da yake sun yi alkawari. A bikin 'yar kawuna a Ruwan Godiya muka ji, da rana tsaka, daga lasifikar mai kiɗa. 'Yan mata suna juyi, samari suna ihu, ana ta kiran Ladi, Ladi. Inna tana zaune a kan tabarma cikin tsofaffi. Ta kasa kunne, ta juyo ta ce da ni, ƙawata, wace marar kunya ce wannan take kiran Ladi a gaban 'yan rawa? Ba ta gane kanta ba, ranka ya daɗe. Ni na gane. Sai Gwaggo Asabe ta gaya mata. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, ina taɓaryar? Daga ranar ba ta ƙara waƙa a bakin turmi ba. Tana daka, baki rufe.

Na huɗu. Na roƙi mai kiɗan ya nuna mini abin da aka rubuta a jikin waƙar a wayarsa. Akwai sunan ɗalibanka biyu. Akwai sunan sashenku. A wurin mai waƙa an rubuta cewa ta gargajiya ce, ba a san mai ita ba. Ba a sani ba? Sun sha furarta. Sun kira ta Hajiya, ta yi dariya ta ce ba ta je ba tukuna. Waƙar nan ba gadonta ta yi ba, ita ta ƙaga ta a garin nan, a tsakar gidan haya.

Allah ya yi wa Inna rasuwa da daminar nan. Ba na cewa ɗalibanka ne sanadi, kwana ne ya ƙare. Amma yanzu duk duniya babu inda muryarta ta gaskiya take sai a wurinku. Na kira lambar da Antin ta bari, da wayar Mama, sau da yawa kafin ta ɗauka. Ta yi mana gaisuwa. Ta ce ta riga ta gama makaranta, sautin farko da ba a taɓa ba yana cikin kwamfutar sashenku, babu mai fitar da shi sai da izininka. Ta kuma ce idan sababbin ɗalibai suka shigo akan goge na baya don a samu wuri. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba. Ban san ƙofar ofishinka ba, shi ya sa na rubuta a fili, ko wani zai kai maka.

Ga roƙona.

A hana goge shi, yau, kafin a yi komai.

A ba mu na farkon yadda aka ɗauka, da taɓarya uku, da tafi, da kukan kaji, da tarin da ta yi a tsakiya. Kada a gyara ko ɗigo.

A rubuta sunanta. Tabawa, daga bayan Pauwa.

Wanda aka yi wa gangar inji ya riga ya shiga wayoyin mutane, na san ba zai dawo ba. Amma a cire sunan sashenku daga kansa idan kuna jin kunyarsa, idan kuma ba ku ji, a gaya mana.

Kuma a koya wa masu zuwa su tambayi tsohuwa me take cewa kafin su taɓa na'ura.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da shugabancinka lafiya, ya ba ka ɗalibai masu kunne. Allah ya jiƙan iyayenka kamar yadda nake roƙa wa Inna.

Akwai sauran magana ɗaya. Tsofaffi huɗu suka rage a unguwarmu da suka iya waƙar daka. Ranar Asabar nakan ari wayar Mama in ce zan yi aikin makaranta. Nakan jingina ta da dutse kusa da turmi, ba kusa sosai ba, don na lura idan ta matsa bugun yana danne murya. Kafin su fara nakan rubuta sunan kowacce da garinsu a bayan littafin lissafina, in tambaye ta waƙar ta wace ce. Na gama da biyu. Saura shekara biyar in gama sakandare, kuma na riga na san sashen da zan nema, ko da yake Baba bai sani ba tukuna. Idan na zo ina so in tarar da Inna tana nan.

Wassalam.

Nafisa, jikar Inna Tabawa,
Kankara.