Bakin Baba Ya Kafe

Yaya Habu, gaisuwa da aminci. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kukawa? Mu nan Haɗejiya hankalinmu a tashe yake.

Ka san halin Baba na riƙe igiyar taru da haƙora. Tun damina muƙamuƙinsa ke ƙas-ƙas, kunnensa na ciwo, ya ƙi bari. Ranar su kifi ya fizgi igiyar, bakin ya kafe, ko yatsa ba ya shiga. Wanzami ya yi ƙaho, mun gasa da ruwan zafi, shiru. Kunu muke ɗura masa, kullum ramewa yake.

Don Allah ka taho da maɗorin unguwarku. A gaida yara, ku sa shi a addu'a. Jiya ya so kiran sunanka, bakin bai buɗu ba, sai hawaye.

Ƙaninka Sale